Alhazan Bakin Nilu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya mata hanyoyi, ya warwatsa bayinsa a bayanta, kowa da inda aka rubuta zai ci abincinsa da inda za a haƙa kushewarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, wanda begen ziyararsa ya fitar da talakawa daga gidajensu ba su da guzuri sai sanda da buta, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, magabata ba su raina labarin al'ajabi ba. Zakariyya al-Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, littafi sukutum ya wallafa a kan abubuwan mamaki na halitta, malamai kuma suka karɓe shi hannu biyu, domin a wurinsu mamaki ƙofar lura ce. Yau abin ya koma kayan taɓa baki. Kusan kullum sai yarana sun turo min guda a waya: wai ko na san Sudan ta fi Masar yawan dala irin ta Fir'auna? Ko na san a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 1957, aka buga gasar farko a can da ƙasashe uku kacal, Masar da Sudan da Habasha? Duk gaskiya ne. Mutum ya ce ikon Allah, ya shafa fuskar waya ya wuce. Ni kuwa abin mamakin Sudan da ya tsaya min a rai ban same shi a waya ba, a bakin wutar mai nama na tsince shi.

Na zauna a Kalakla lokacin ɗalibta, a gidan haya tare da wasu 'yan'uwa, saboda kuɗin ɗaki a cikin gari ya fi ƙarfin aljihunmu. Kalakla tana kudu da tsakiyar Khartum, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, kan titin da ya miƙe zuwa madatsar ruwa ta Jabal Auliya wadda aka gama a 1937. Da can ƙauyuka ne na manoma da malamai, birni ya zo ya haɗiye su, sunaye suka rage: Kalakla Ƙubba, Kalakla Sanga'at, Kalakla Laffa. A Laffa kasuwa take. Nan motocin haya suke juyawa, kwandasta yana ƙyasta yatsu yana karɓar kuɗi ba tare da ya buɗe baki ba, mata masu shayi sun jera 'yan kujerunsu, ƙamshin gahawa da citta ya cika wuri.

Wata Alhamis bayan magariba hancina ya ja ni zuwa wani tebur. Nama ne an yanka shi fale-fale, an soke a tsinke, an bulbule shi da garin gyaɗa da yaji, an kewaye wutar gawayi da shi, ga albasa da lemon tsami a gefe. Na tambayi yaron da ke juyawa, da Larabcina na littafi wanda kullum yake ba 'yan kasuwa dariya, yaya sunan wannan abinci. Ya ce agashe. Na ce me? Ya maimaita, yana kallona kamar wanda ya ga baƙauye. Ban san lokacin da salati ya kuɓuce min da Hausa ba. Sai wani dattijo da ke zaune a kan buzu bayan teburin ya ɗago kai, carbi a hannu.

"Ɗan nan, daga wace ƙasa?"

Na durƙusa na ce, "Baba, daga Kano."

"Kano ta Dabo. Zauna, zauna. Kakana mutumin ƙasar Haɗeja ne. Makka za shi."

"Allah ya nufa ya isa, Baba?"

"Yana kwance a Wad Madani. Babana ma bai isa ba. Ni ma dai ina kan hanya, in Allah ya yarda."

A yankin Jazira aka haife shi, bai taɓa ganin Haɗeja ba, Hausarsa tsohuwa ce mai ɗauke da Larabci a kowace gaɓa, amma da ya ce yana kan hanya babu alamar wasa a fuskarsa. Daga baya na tarar wani masani, Bawa Yamba, ya zauna cikin irin waɗannan mutane a ƙauyukan Jazira ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne suna kiran kansu alhazai masu wucewa. Agashen da 'yan Khartum da Umdurman suke layi a kansa da daddare, suna ɗaukarsa abincin gargajiyarsu, guzurin waɗannan matafiya ne, sunansa ma bai canja ba. Man gyaɗar da suke kwaɓa salak da shi suna ce masa dakwa, kunnen Bahaushe kuwa ba zai ji wannan bai tuna daƙuwa ba.

Shi kansa sunan Sudan tarayya muka yi da su a kansa. Malaman Larabawa na da suna kiran duk abin da ke kudu da Sahara, daga tekun yamma har Bahar Maliya, Biladus Sudan. Ƙasar Mali ta yau Sudan ta Faransa ake ce mata a zamanin mulkin mallaka. Sarkin Sudan kuwa, in ana neman mai wannan sarauta, ba a Khartum yake ba: yana Kwantagora, sarautar da aka fara naɗa wa Umaru Nagwamatse a 1859, akwai kuma wani a Wurno. Su kuma mutanen Nilu suna kiran duk wanda ya fito daga yamma Fallata, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bazabarme, alhali kalmar sunan da Barebari suke kiran Fulani ne. Tsohon sunan shi ne Takruri, daga daular Takrur ta bakin kogin Senegal, sunan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa wa ƙasashenmu duka a taken littafinsa Infaƙul Maisuri. Daga jam'insa muka sami takari, kalmar da yau ake jifan mazauna Makka marasa takarda da ita, ba a san tsohuwar daula ake ambata ba.

Me ya fitar da talaka daga Haɗeja ko Katsina ya nufi gabas a ƙafa, ba raƙumi ba dukiya? Amsar tana cikin fiƙihun da muka karanta a zaure. Sharaɗin wajabcin hajji shi ne iko, kuma a mazhabar Imamu Malik ba dole sai mutum ya mallaki abin hawa da guzurin tafiya gaba ɗaya ba. Wanda yake da lafiyar taka ƙasa, yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, aka kuma amince wa ransa da dukiyarsa, to ya shiga cikin masu iko. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, mahauci wuƙarsa, malami allonsa da tawadarsa. A bi ta Borno, a ƙetare Wadai, a shiga Darfur ta Junaina, a yi damina a Fashir, a yi wata a Ubayyid. Tafiyar shekara uku, ta bakwai, ta ashirin. A auri mace a hanya, a haihu a hanya, a binne iyaye a hanya.

Abin lura a nan, shugabannin jihadi uku babu wanda Allah ya nufa da sauke farali a cikinsu. Shehu Usmanu yana saurayi ya so bin malaminsa Jibrila ɗan Umaru daga Agadas, malamin ya mayar da shi gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Malam Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a wajen 1807, ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar ba zai dawo ba. Mutanen Kano suka tare shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya koma. Muhammadu Bello mulki ya riƙe shi. Amma gabas ba ta fita daga zukatansu ba. Akwai wasiƙar Bello zuwa ga Modibbo Adama yana umartarsa ya aika masu leƙen hanya wajen kudancin Wadai da Darfur har bakin Nilu, domin Shehu ya gaya musu jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa can ta sadu da Mahadi. Shehu da kansa ya rubuta ya kore cewa shi ne Mahadin. Maganar ta zauna a bakin mutane, duk lokacin da fari ko zalunci ya tsananta sai a fara ɗaure kaya, har ta kai Sarkin Kano ya nemi fatawar Nana Maryamu 'yar Shehu, ta amsa masa cewa lokacin bai yi ba tukuna.

Ana gab da cikar shekara ta 1300 ta Hijira sai ga labari daga tsibirin Aba a kan Farin Nilu: wani malami, Muhammadu Ahmad, ya bayyana kansa Mahadi a 1881. Shugabannin Sakkwato ba su karɓa ba, kuma tarihi ya nuna sun yi hangen nesa. Amma jikan Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, wanda ya kafa zama a Balda ta ƙasar Adamawa, ya aika da mubaya'arsa, aka naɗa shi wakili a kan ƙasashen yamma. Ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, ƙarshe a hannun Fadlallah ɗan Rabe ya rasa ransa a 1898. Shi Raben nan da ya ci Borno a 1893 ya ƙone Kukawa ya zauna Dikwa, wanda har yau ake tsorata yara da sunansa a gabas, haifaffen Halfaya ne, unguwar da ke arewa da Khartum, tafiyar motar haya daga inda nake cin agashe.

Kalakla kanta tana cikin wannan labari. Da Ansaru, mabiyan Mahadi, suka kewaye Khartum, rundunar Abdurrahman wad Nujumi a wannan yanki na kudu ta yi sansani. Gordon, Baturen da ke riƙe da birnin, ya dogara da ganuwa da ramin da suka haɗa kogunan biyu, sai rani ya shigo, Farin Nilu ya janye, ya bar fili na laka a ƙarshen ganuwar ta yamma. Ta nan aka shiga da asubahin Litinin 26 ga Janairu 1885. Jiragen ruwan da Ingila ta aiko ceto suka iso bayan kwana biyu. Mahadin da kansa bai cika wata biyar ba bayan nasarar ya rasu a Umdurman. Na sha tsayawa a bakin kogin da rani ina kallon yadda ruwa yake ja baya yana barin laka mai tsagewa, yara suna buga ƙwallo a kai.

Daular Mahadi ta yi shekara goma sha uku. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Karari, bindiga mai ruwa ta kashe Ansaru fiye da dubu goma kafin azahar, mutanen Kitchener, kwamandan Ingila, da suka mutu ba su kai hamsin ba. Shekara ta zagayo, aka cim ma Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Ummu Dibaikarat, da ya ga babu mafita ya shimfiɗa buzunsa ya zauna da manyan sarakunan yaƙinsa, a nan harsashi ya same su.

To a riƙe wannan lissafi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya fuskanci gabas, talakawa suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa gari bayan gari, har abin ya firgita Turawa. Aka tare shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Wasu sun wuce har Hijaz, kamar Alfa Hashim wanda ya zama babban malami a Madina. Mafi yawa suka sauka a Shaihu Talha a bakin Shuɗin Nilu a 1906, daga baya suka ƙetare suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar. Sun gudo daga mulkin Nasara, sun taka ƙasa shekara uku, suka tarar Nasaran nan dai su ne a bakin Nilu, sun riga su da shekara takwas. Gwamna Lugga ma da ya kore su, yana ƙaramin hafsa ya yi yaƙi da Ansaru a wajen Sawakin a 1885. Mai gajeren tunani zai ce gudun gara aka faɗa gidan zago. Ni ban iya faɗin haka ba. Maganar da aka jingina wa Shehu ita ce jama'arsa za ta kai bakin Nilu, ga ta kuwa ta kai, sai dai ba ta sami abin da ta zo nema a yadda ta zata ba, kuma Allah bai yi wa kowa alkawarin cika masa zatonsa ba.

Turawa ba su saki jiki da wannan hanya ba. A 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa suka kai shi Buea ta Kamaru, saboda wasiƙunsa da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi. Amma suna bukatar hannun waɗannan mutane. Jirgin ƙasa ya isa Ubayyid a 1912, madatsar Sinnar ta kammala a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira don masaƙun Ingila, sai ga alhazai masu neman kuɗin jirgin Sawakin zuwa Jidda, ba sa gudun rana, ba sa shan giya. Kowace kaka a ce baɗi za a ƙetare. Bashi ya hau, iyali su ƙaru, baɗi ta koma baɗin baɗaɗa. Da aka zo tsara dokar zama ɗan ƙasa a 1948 sai aka sa ranar 31 ga Disamba 1897 ta zama iyaka, wanda kakanninsa suka zo bayanta baƙo ne. Mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru. Wannan miki bai gama warkewa ba, wanda ya bi labarin rikicin jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 ya sani.

Duk da haka, muryar mace ta farko da ta fita a gidan rediyon Umdurman tana waƙa, a 1942, 'yar waɗannan baƙi ce. Sunanta A'ishatu Musa Ahmad, amma Sudan kaf ba ta san ta da wani suna ba sai A'isha Falatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hajji ya fito da su. Mahaifinta malamin allo ne a Umdurman, a gabansa ta yi karatu, kuma masu ba da tarihinta suna cewa daga tilawa ta sami tsabtar harshe da iya sarrafa numfashi. Bai so ba ko kaɗan, har aure ya yi mata don ta bari, auren ya mutu waƙar ta rayu. Ƙanwarta Jidawiyya tana kaɗa mata udu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kai ta sansanonin sojan Sudan tana yi musu waƙa. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, da Larabci da Hausa, ta rasu a Fabrairun 1974. Hukuncin kiɗa da waƙa malamai sun yi maganarsu, ba shi na zo warwarewa ba, kuma zuciyata tana tare da tsohon nan da ya ga 'yarsa ta bar allo. Sai dai ina mamakin yadda sunan da ake gori da shi a kasuwa ya zama sunan da tsofaffin Umdurman suke ambata idanunsu na kawo ruwa. Allah ya gafarta mata, ya gafarta mana.

Hanyar kuma ba gabas kaɗai take zuwa ba. Da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta, su Shaihu Bashir ar-Rayyah. A can Malam Abubakar Gumi ya yi karatu, daga baya aka tura shi Bakhtur Ruda a bakin Farin Nilu a 1954, kuma da ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962 wani Basudane ya gada, Shaihu Awad Muhammad Ahmad. Kwamitin masana shari'a da gwamnatin Sardauna ta kira a 1958, Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabance shi. Kundin hukunta laifuffuka da ya fito daga shawararsu, wanda bakin mutane ya mayar Final Kod, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, an gina shi a kan na Sudan, na Sudan kuma a kan wanda Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860. A wancan zamani ɓarawon akuya a Gusau ana yanke masa hukunci da dokar da ta biyo ta Khartum daga Kalkata, shi bai sani ba, wataƙila mai gabatar da ƙarar ma haka.

Inda na fi jin ina gida shi ne makarantar allo, wadda suke kira halwa. Dattijon nan mai agashe ya kai ni wata a bayan unguwarsu da asuba. Yara sun kewaye wuta, suna ce mata tuggaba, kowa da allonsa a cinya, malam yana yi wa huɗu biyar shifta a lokaci guda ba ya rikicewa. Tawadar baƙin tukunya ce da ƙaro. Rubutun sha suna ce masa mihaya, zayyanar sauka kuma sharafa. Bambancin a kunne yake: yawancin tsakiyar Sudan da ruwayar Duri suke karatu, mu kuwa da Warshu muka tashi. Da malamin ya ce in karanta, na ja aya biyu uku, wani tsoho a gefe ya rufe fuskarsa da rawani. Aka ce min rabonsa da jin wannan karatu da irin wannan karin harshe tun rasuwar mahaifinsa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, bai bar Kalakla ba. Ɗalibanmu na Jami'ar Ifriƙiyya da sauran makarantu aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Daga Junaina kuwa dubban ɗaruruwa suka ƙetara zuwa Adare ta Cadi a ƙafa, da tabarmi a ka, a kan turbar da kakannin mai agashe suka shigo ta cikinta.

Daren da zan bar Kalakla, tun kafin wannan yaƙi, na je yi wa dattijon sallama. Ya sa yaron ya naɗe min tsinke goma a takarda, na miƙa kuɗi ya ture hannuna. Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin buzu ya girgiza min, ya ce na jirgi ne, saura kaɗan. Sa'an nan ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Ɗana, ku yanzu ta sama kuke zuwa. In ka riga ni, ka gaishe min da Ma'aiki. Ka ce jikan mutumin Haɗeja yana tafe."

Bayan shekara shida Allah ya kira ni. Awa biyar ba ta cika ba daga Kano muka sauka, Sudan ta wuce a ƙarƙashinmu ina gyangyaɗi. Da na tsaya a gaban Rauda, askarawa suna kora mutane gaba, na yi sallamata, na isar da tasa da sunan da ya ba ni.